Ni da Mai Lalle a Kan Ɗan Sarkin Aljanu

Har yau ba na gaisawa da mai lallen layinmu. Idan na hango ta tana tahowa ta bakin titin jirgi da 'yar jakarta a hammata, sai in tsallaka ɗaya gefen, ko da kuwa kwata zan taka. Mama ta yi faɗa har ta gaji, ta ce gaba haramun ce. Na ce na ji. Matan Agege da suka san mu suna cewa wai a kan aljani muka ɓata, suna faɗa suna dariya. Gaskiya ne a kan aljani ne, amma ni har gobe ban ga abin dariya a ciki ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kemis kusa da kasuwa. Da safe akwai jama'a, amma da rana sai in zauna ni da fanka, ba mai shigowa sai masu neman maganin ciwon kai. A nan na kamu da karatun littattafan waya, daga baya kuma na fara rubuta nawa. Akwai wani gurup da muke ciki, mata zalla, yawancinmu 'yan Agege da Idi-Araba, sai wasu matan aure a Ojo da mazajensu ke kasuwanci a Alaba, da 'yan tsiraru daga Arewa. Marubuciya takan saki labarinta shafi-shafi, masu karatu su biyo baya da sharhi, wasu su yi kuka, wasu su zagi mugun cikin labarin kamar sun san gidansu.

Matar da ta buɗe gurup ɗin, wadda muke kira uwar gurup, ita ta kawo shawarar rubutun haɗaka. Marubuta biyu, labari ɗaya, wannan ta yi shafi yau, waccan ta ɗora daga inda aka tsaya. Doka ɗaya ce tak. Abin da abokiyar rubutunki ta rubuta ya zauna, ba ki da ikon gogewa, sai dai ki ɗora a kai. Ta haɗa ni da mai lalle saboda layinmu ɗaya, wai za mu riƙa shawara cikin sauƙi.

Sau ɗaya muka yi shawarar. Na same ta a kan benci a ƙofar gidansu tana yanka salatif na zanen ƙafa, na zauna muka tsara farkon labarin. Ta girme ni, don haka Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Muka yarda cewa yarinyar labarin 'yar wani mai goro ce a nan Agege. Wata rana da tsakar rana ta tsiyaye ruwan taliya mai zafi a kwata ba ta yi bisimilla ba, abin da kowace uwa ta hana 'yarta tun tana ƙarama. Ruwan ya sauka a hannun ɗan sarkin aljanu, domin birninsu yana nan ƙarƙashin kwatocin Legas, da kasuwarsu da fadarsu da komai. Aka yanke hukunci za a ɗauke ta ta yi masa bauta har ranar da hannun zai warke. Ranar mun yi dariya sosai, har ta saya mini lemo. Na tafi gida ina cewa na yi dace da abokiyar aiki.

Ba zan yi mata ƙarya ba, matar ta iya rubutu. A Kano ta tashi kafin ta zo Legas, Hausarta kamar ana zuba zuma. Idan ta kwatanta Yarima, haka muke kiran ɗan sarkin, sai ka ji kamar ya wuce ta gabanka ya bar ƙamshin turare. Amma wane irin Yarima? Ba ya murmushi, ba ya amsa gaisuwa. Bai taɓa kiran yarinyar da sunanta ba, sai dai “ke”. Ta dafa abinci ya ture kwanon da ƙafa. Ya hana ta magana da kowa a fadar. Kuma duk lokacin da ya daka mata tsawa, sai mai lalle ta rubuta cewa zuciyar yarinyar ta buga, ta rasa dalilin da ya sa take son ta sake jin muryarsa. 'Yan gurup kuwa sai ihu. “Wayyo Yarima!” “Miskilina!” “Allah ka ba ni irinsa ko da aljanin ne!”

Da farko ban damu ba. Labari ne, na ce, kowa ya san aljani ba mutum ba ne. Ina ɗora nawa shafin, ina gina musu kasuwa, ina sa musu kofato a ƙafa da fitilu masu tafiya da kansu. Abin ya canza ne ranar da na ji wata magana a fasejin gidanmu.

Ina da ƙanwa ɗaya mace, ita ma tana cikin gurup ɗin. A shekarar ta gama sakandare, tana taya Mama suyar waina da safe a ƙofar gida. Yarinya ce mai surutu da tsokana, idan tana gida ba a jin rediyo. Akwai wani saurayi mai sayar da kayan miya a kasuwar Mile 12 da yake kawo wa Mama tattasai da attaruhu, daga nan ya fara tsayawa bayan an sallame shi. Kyakkyawa ne, wannan ma ba zan hana shi ba, kuma yana da neman na kansa. Ranar ina wanke-wanke a bayan faseji, su kuma suna tsaye daga bakin ƙofa, na ji ya ce ta ba shi wayarta. Ta ba shi. Ya yi ta latsawa, yana tambayar wane ne wannan, wane ne wancan. 'Yan ajinsu ne, ta ce. Ya goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, har da na wata ƙawarta Bayarabiya da suka tashi tare tun firamare, wai ba ya son yawan ƙawaye. Da ta ce “haba mana”, sai ya ce mata sakarya, da ƙarfi, har matar ɗakin farko ta leƙo.

Na jira ya tafi. Na same ta a ɗaki tana kwance tana murmushi ita kaɗai.

“Wannan wane irin iskanci ne na ji?” na ce. “Ya zage ki kina tsaye kamar an dasa ki?”

“Yaya, kishi ne fa. Wanda bai damu da ke ba ai ba zai duba wayarki ba.”

“Wa ya gaya miki haka?”

“Shebi haka Yarima yake yi, ko ba haka ba? Kuma kowa ya san son ta yake, nunawa ne ba ya iyawa.”

Na yi mata faɗa ranar, faɗa sosai, kuma daga ranar ta rufe mini ƙofa. Da na ambaci saurayin sai ta tashi ta bar ɗakin. Na kai ƙara wurin Baba, ya ce yaro yana da sana'a yana salla, me kuma ake nema? Mama ta ce zafin ƙuruciya ne, zai sauko. Ba wanda ya tilasta mata, ba wanda ya hana ta. Ita ta gani ta ce tana so. Abu ɗaya na lura da shi. Ba ta sauraron maganata, amma duk shafin da ya sauka a gurup, nawa ko na mai lalle, tana cikin na farkon karantawa, ko da hannunta da ƙullun waina. Na ce to, tunda ta nan kaɗai take ji, ta nan zan yi mata magana.

Shafina na gaba, na hana yarinyar kuka. Na tashe ta daga inda mai lalle ta bar ta a durƙushe, na kai ta wurin wata tsohuwar aljana mai haɗa magunguna a bayan fada. Ta fara koyon maganin ƙuna, wane ganye ake dakawa, wane ake jiƙawa. Dalilina a fili yake, in ta iya warkar da hannun da kanta, bautar ta ƙare.

Washegari mai lalle ta kwantar da ita da zazzaɓi. Ta rubuta cewa Yarima ya zo ya tsaya a bayan labule yana leƙenta, ba ya so kowa ya gan shi, har ya miƙa hannu zai taɓa goshinta sai ya fasa. Shi ke nan abin da ya yi, leƙe. Gurup ya rikice kamar an raba kyautar atamfa. Ƙanwata ta saka hoton zuciya har layi ya cika.

Na warkar da ita. Na kai ta kasuwar aljanu ta koyi ciniki, ta koyi ɗaga murya, har ta yi wa wani dillali tatas a gaban jama'a. Na ba ta aboki, wani matashin aljani mai tuƙa kwalekwale a babban lambatu, mai fara'a, mai cewa sannu, wanda idan ta yi magana yakan saurara har ta gama. Ina so ƙanwata ta ga cewa akwai irin wannan namijin ma a duniya.

Mai lalle ta sa Yarima ya mayar da shi ƙadangare. A layi biyu ta gama da shi, mutumin da na ɓata yini guda ina ginawa. Kuma ta sa yarinyar ta koma ɗaki tana tunani, wai ashe Yarima yana kishinta. Na karanta wannan a kemis, wata mata na tsaye tana jiran maganin tari, sai da ta ce, “Sista, lafiya?” domin na yi tsaki da ƙarfi ban sani ba.

Na gwada dabara. Na buɗe shafina da cewa yarinyar ta farka, ashe duk mafarki ne, mai kwalekwale yana nan lafiya. Kafin a jima uwar gurup ta kira ni. Ta ce wannan gogewa ce ta bayan gida, doka ta hana, in cire in sake. Na cire. Ƙadangare ya tabbata ƙadangare. Abin da na iya yi masa shi ne na sa yarinyar tana ajiye masa tsaba a bakin taga.

Haka muka yi ta yi makonni. In na ba yarinyar ƙafafu, mai lalle ta karya su. Na sa ta tsaya a gaban Yarima ta dube shi ido cikin ido ta ce, “Me na yi maka da ya wuce ƙunar hannu? Ka ba ni haƙuri a kan sauran.” Na ji daɗin wannan shafin, har na sake karanta shi a keke ina komawa gida. Mai lalle ta amsa da cewa Yarima ya zare zoben zinare ya jefa a gaban ƙafarta ya juya. Yarinyar kuma ta sunkuya ta ɗauka, ta manna a ƙirji. Ta sunkuya! Yarinyar da na koya wa ciniki da magani, aka sa ta tsintar zobe a ƙasa kamar kaza ta ga dawa.

A gida kuma abin yana ta gaba. Saurayin ya hana ƙanwata zuwa bikin wata 'yar ajinsu a Idi-Araba bayan ta riga ta ɗinka anko. Ta ninke kayan ta mayar akwati. Ya ce ba ya son tana zama a ƙofar gida wurin waina maza suna kallonta, ta koma soya daga ciki, Mama ce ke miƙawa. Surutunta ya ragu. Rediyo ya dawo ana jinsa a gidanmu, kuma na tsani hakan.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na rufe kemis da azahar na tafi wurin mai lalle. Na same ta a ɗakinta tana yi wa wata amarya zane a ƙafa, ƙawayen amarya biyu suna zaune a kan katifa. Ban damu da su ba.

“Anti, magana na zo mu yi.”

“Ƙanwata marubuciya! Shigo mana. Kin ga fejin jiya? Wayata har zafi ta yi don kwament.”

“Na gani. Yaushe Yariman nan zai zama mutum?”

Ta yi dariya ba ta ɗago ba. “Ai ba mutum ba ne, aljani ne.”

“Kin san abin da nake nufi. Yaushe zai canza?”

“A ƙarshe mana. Duk a ƙarshe suke canzawa. In ya ce mata sannu tun fejin farko, wa zai karanta? Ke kanki ba za ki karanta ba.”

“To duk wulaƙancin da ta sha kafin ƙarshen fa, wa zai biya ta?”

“Shi ne kuɗin soyayyar ai. Mace da haƙuri take gyara namiji. Ke matsalarki, kina ta girmar da yarinya ita kaɗai kamar kabewa a bola. Ta iya magani, ta iya ciniki, ta iya rashin kunya, sai me? Wa zai aure ta? Ni nawa Yariman a hankali yake girma, a ciki, inda ba a gani.”

“Inda ba a gani,” na ce. “Shi ya sa har yau ba mu gani ba.”

Ƙawayen amarya suka ƙyalƙyale. Ita kuma fuskarta ta ɗan canza. Sai na sassauta murya, domin ba faɗa na zo yi ba tun asali, roƙo na zo yi. Na gaya mata zancen ƙanwata, ban ɓoye komai ba, wayar da zagin da ankon da ke akwati. Na ce yarinyar nan tana auna saurayinta da Yarima, duk abin da ya yi mata sai ta ce haka Yarima yake. Na ce don Allah, ko sau ɗaya, ta bar yarinyar labarin ta ƙi ɗaukar abin da aka jefa mata.

Ta ajiye ledar lallen ta dube ni.

“Na san yaron,” ta ce. “Yana kawo wa maƙwabciyata tumatir. Ba shi da laifi, zafi ne kawai. Kuma ƙanwarki ba jaririya ba ce. Ni na haɗa su? Abeg kar ki ɗora mini. Ni labari nake rubutawa, mutane suna so.”

“Kin ji abin da na ce kuwa? Ya ce mata sakarya a gaban mutane.”

“To? Wace macen ce ba a taɓa gaya wa magana ba? Ke da ko saurayi ba ki taɓa ajiyewa ba, ke za ki koya mini yadda so yake? Je ki sayar da farasitamol ɗinki jare.”

Na tsaya ina kallonta. Da ta ce ba ta yarda da ni ba ne, da na haƙura, kowa da ra'ayinsa. Amma ta ji, ta gane sarai, ta kuma ɗauki ledarta ta ci gaba da zana fure a dugadugan amarya. Ban ce mata Anti ba da zan fita, kuma ban sake ce mata ba.

Shafinta na washegari, ta sa Yarima ya kulle yarinyar a ɗaki saboda ta gaida wani bafade. Ta rubuta shi da kyau fiye da kullum, har da hawaye a idonsa bayan ya juya baya. Na san da gangan ta yi, kuma ta san na sani.

Ana cikin haka azumi ya matso. Al'adar gurup ce ba a sakin labarin soyayya a watan azumi, don haka uwar gurup ta ce mu tattara mu rufe kafin a ga wata. Da aka bi layin karɓa-karɓa, shafin ƙarshe ya faɗo a kaina. Na yi hamdala. Ita ma ta lura, sai ta yi abin da ban zata ba. A shafinta na kusa da ƙarshe ta gama labarin gaba ɗaya. Hannun Yarima ya warke da maganin da yarinyar ta haɗa, maganin da ni na koya mata. Ya kira sunanta karo na farko, da murya ƙasa-ƙasa. Bai ba ta haƙuri ba, sunan kawai ya kira, amma mai lalle ta sa duk fadar ta yi tsit kamar an yi wahayi. Aka ɗaura aure, aka yi kiɗa, aka yi wa amarya lalle, wannan kam ta ba shi sakin layi guda, aka rako ta har ƙofar ɗakin ango. A nan ta tsaya. Ta rubuta a ƙasa, “Ƙanwata, sai ki rufe mana da addu'a.”

Doka ta ce ba na gogewa. Ban goge komai ba. Na ɗora daga bakin ƙofar. Na rubuta cewa yarinyar ta shiga, ta ce ya nuna mata hannunsa. Ta duba ciki da baya, babu ko tabo. Ta ce, “Hukuncin da aka yanke mini shi ne bauta har hannun nan ya warke. Ya warke.” Ta zare zoben ta ajiye a kan tabarma, ba ta jefa ba. Ta ɗauki ƙadangarenta ta fita. Ta ɓullo a Agege da rana tsaka, kusa da titin jirgi, masu danfo suna ta kiran fasinja, ta sayi ruwan leda ta sha, ta nufi gidan ubanta. Shafin bai kai rabin tsawon wanda na saba ba.

Ban taɓa shan zagi irin na ranar ba. Aka ce ni muguwa ce, aka ce baƙin ciki nake da masu aure, wata daga Ojo ta ce in mayar mata da datar da ta ƙona. Wata ta ce dama 'yan Legas ba su san darajar miji ba, alhali ita ma a Mushin, nan cikin Legas, aka haife ta. Kafin la'asar uwar gurup ta cire ni, wai don a samu zaman lafiya. Bayan salla na ji labari mai lalle ta saki wani shafi ta kira shi ƙarshe na gaskiya, inda yarinyar ta dawo da gudu ta faɗi a ƙafar Yarima. Dokar hana gogewa ashe ni kaɗai aka yi wa.

Duk wannan bai dame ni ba. Mutum ɗaya na rubuta wa shafin. Ranar da na saki shafin, da na koma gida na sami ƙanwata tana tsince shinkafar waina a tire. Ba ta ɗago ba.

“Na karanta,” ta ce.

“To?”

“Na san da ni kike, Yaya. Tun a wurin mai kwalekwale na gane. Kin ɗauka ni sakarya ce ke ma.”

“Ban ce ba.”

“Ya fa canza. Ya kira sunanta. Sai da ya canza sannan kika fitar da ita. Ke ba kya so kowa ya ji daɗi ne kawai.”

Duk watan azumin, in ban da “miƙo cokali” da “Mama na kira”, ba abin da ya haɗa mu. Bayan babbar salla aka ɗaura aurenta. Mai lalle ce ta yi mata lalle, a ɗakinmu, a kan katifar da muke kwana. Mama ce ta kira ta, ta ce ita ce ta iya. Ina zaune a faseji ina jin muryarta tana cewa, “Kawo hannun, amaryar Yarima,” da ƙarfi yadda zan ji. Na tashi na tafi kemis duk da ranar hutuna ce.

Suka kama ɗaki a wajen Ketu, kusa da kasuwarsa. Ba a samunta a waya, wayar tana hannunsa, sai in ya dawo ya ga dama ya ba ta ta gaida Mama. Zuwa gida kuma sai da dalili mai ƙarfi. Na daɗe ban je ba, domin ba na son ganin fuskarsa. Da damina ta zagayo Mama ta ba ni yaji da kuka ta ce lallai in kai mata, na shirya na tafi da hantsi, lokacin da na san yana kasuwa.

Na same ta a bakin ƙofa da kwando a gabanta, tana ware fasassun tumatir da ya kawo daga ragowar kasuwa. Ta rame. Ta yi murna da ganina, ta kawo mini ruwa, muka gaisa, ta tambayi Mama da Baba da matar ɗakin farko. Amma magana take yi a hankali, tana yi tana duban hanya. Na zauna na taya ta warewa. Na yi alkawari a raina ba zan ambace shi ba, kuma ban ambata ba. Ƙarar injin markaɗe tana tashi daga gidan gaba.

“Yaya,” ta ce, idonta a kan kwandon. “Yarinyar nan ta labarinku.”

“Mhm.”

“Kin ce ta fita, sai kawai ga ta a Agege. Ba ki faɗi yadda aka yi ba. Fadar fa da masu gadi. Kuma an riga an ɗaura. Ta wace hanya ta bi?”

Na ajiye tumatirin da ke hannuna. Na ce mata ta ƙofa ta fita, da rana, kowa yana kallo. Na ce daga bakin titin nan akwai danfo, in ta sauka Ogba ta hau keke, zai ajiye ta a bakin layinmu. Na ce ba sai ta ɗauki komai ba, kayan sawa akwai nawa.

Ta ɗaga wani tumatir ta juya shi, ta rasa ɓangaren da za ta saka shi. Can sai muka ji ƙarar okada ta tsaya a bakin gidan. Ban ma san ko shi ne ba, ita ma ba ta sani ba. Amma kafin injin ya mutu ta riga ta miƙe tsaye, ta goge fuskarta da gefen zani, ta ture ledar yajin Mama ƙarƙashin benci da ƙafa.